Akwatuna Uku da Na Bari a Ƙasa

Jiya da yamma a bakin shagon Sale tela na ji kuna gardama a kan hoton da ɗayanku ya nuna a waya, na wani ƙaramin jirgin sama ana cusa masa kwalaye. Wani ya ce ai wannan ba sana'a ba ce, duk wanda ya iya ɗaure buhun kabeji a bayan keke zai iya. Ban tanka ba, don an riga an kira magariba. Tunda yau kun zo da ƙafarku kun ce an gaya muku Baba Isyaku ya yi aikin jirgi, to ku gyara zama. Na yi shi shekara huɗu a tsohon filin jirgin Jos, wanda yanzu gidaje suka kewaye, a ƙarshen zamanin soja na wancan lokaci, kafin a miƙa mulki ga farar hula. Ban taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Ni mai lodi ne.

Kafin nan lodin mota nake yi a Farin Gada. Ina da shekara ashirin da shida, da mata da 'ya ɗaya a Unguwar Rogo, kuma ƙarfi kamar ba zai ƙare ba. Abin da muka tashi muka tarar a kasuwa shi ne mota ba ta ƙin kaya. A ɗora, a danna, a hau sama a tattake, in taya ta kwanta a ƙara mata iska. Wata rana ina loda wa wata gingimari tumatir da dankali, sai na lura da wani gajeren mutum mai furfura a gefe, ya harɗe hannu yana kallona. Da na sauko ya ce, "Me ya sa ka sa dankali a tsakiya, ba ka sa shi a baya kusa da ƙofa ba? Ai ya fi sauƙi."

Na ce, "In na sa a baya, gaban motar zai yi sako-sako a kwanar gangaren Kagoro, direba ba zai ji sitiyari ba."

Ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce babu, gani na yi. Ya ce in zo filin jirgi ranar Litinin in tambayi Oga Okafor. Shi ne shugaban ma'aikatan ƙasa na wani ƙaramin kamfani mai jirage biyu. Ibo ne haifaffen Jos, ya tafi gida lokacin yaƙin basasa, da aka gama ya dawo. Hausarsa irin ta cikin garin nan ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, amma ban taɓa ganin wanda ya kasa gane abin da yake nufi ba.

Lodin farko da na yi da hannuna kaɗai, wata biyu bayan na fara, kwalayen magani ne da buhunan wasiƙu da wani injin ɗinki, za a kai wata makaranta can ƙasar Muri. Jiragenmu masu inji ɗaya ne, farfela a hanci, kujeru shida har da ta matuƙi. In kaya za a ɗauka sai a kwance wasu kujerun. Oga ya ce in loda, ya tafi ofis. Na jera kayana tsaf, na ga injin ɗinkin ya fi dacewa da wani lungu can ƙurya wajen wutsiya, na tura shi. Ina fitowa na dafa bakin ƙofa, sai jirgin ya ɗaga hanci sama ya zauna a kan wutsiyarsa, kamar kare yana jiran ƙashi. Ma'aikata suka yi ta dariya. Oga bai yi ba, kuma bai yi faɗa ba. Ya sa aka mirgino ganga, ya ɗora dogon katako a kanta, ya ba ni duwatsu biyu, babba da ƙarami. Ya ce in sa babban kusa da gangar, ƙaramin a can ƙarshen ɗaya ɓangaren. Ƙaramin ya rinjayi babban.

Ya ce, "Ka gani? Jirgi a sama, a kan fiffike yake rataye, kamar katakon nan a kan ganga. Laba goma a wutsiya ya fi laba hamsin a tsakiya. A ƙasa ya zauna, mun yi dariya. A sama in ya zauna, babu mai dariya."

Da laba ake awo a aikin jirgi a lokacin, ba da kilo ba, don haka littafin jirgin ya zo daga ƙasar da aka ƙera shi. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai sikelin ƙasa mai faranti, wanda ake hawa, akwai na rataye mai ƙugiya don ƙananan kaya. Alli ba ya barin aljihuna, duk abin da na auna sai na rubuta nauyinsa a jikinsa. Sai raga mai kauri da ake lulluɓe kaya a ɗaure ta da zobban ƙarfen da ke daɓen jirgi, da igiya, da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake tokare wutsiya da shi lokacin lodi, wanda da na san da shi ran nan da ban ji kunya ba. Mai kuwa daga ganga muke zuba shi ta mazurari mai fatar tacewa, saboda ɗigon ruwa a cikin man jirgi ba ya yafiya. Kowace safiya sai an tsiyayi kaɗan daga ƙarƙashin fiffike a kwalba, a ɗaga wa haske a duba. Kowace Litinin kuma Oga sai ya gwada sikelin da wani curin ƙarfe mai laba hamsin cif, ya ce sikeli ma yakan koyi ƙarya in an ƙyale shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a shekarar farko shi ne yadda jirgi ɗaya yake canja ra'ayi. Da sassafe matuƙi zai ce in sa laba ɗari tara. Da azahar, jirgin nan dai, man nan dai, sai ya ce kada in wuce ɗari bakwai da hamsin. Na zaci ƙyuya ce. Matuƙanmu biyu ne, wani Bature marar magana, da Kyaftin Pam, ɗan ƙasar nan, mutumin wajen Bukuru, mai son hira. Shi na tare wata rana yana cin gyaɗa a inuwar fiffike.

Na ce, "Kyaftin, jirgi yana gajiya ne da rana?"

Ya yi dariya ya ce, "Ka san kunu? Iska kamar kunu ce. Ta Legas mai kauri ce, fiffike yana samun abin kamawa. Mu nan muna kan dutse, tamu tsararo ce. In rana ta take, kamar an ƙara mata ruwa ne. Farfela na kaɗawa, amma ba ta ɗebo komai."

Ban yarda ba, don ni iskar Jos nake shaƙa tun haihuwa kuma ban taɓa jin ta gaza mini ba. Sai na ƙirƙiro hanyar gwadawa. A gefen titin tashi akwai rabin ganguna masu farin fenti a jere, goma sha huɗu. Duk jirgin da na loda, sai in tsaya in ƙirga a ganga ta nawa tayarsa ta bar ƙasa. Da sanyin safiya a ta shida yake tashi. Da rana, da kaya iri ɗaya, sai ta takwas ko ta tara. Bayan ruwan sama, in ƙasa ta yi sanyi, ya koma ta bakwai. Wata uku ina wannan ƙirga kafin na je na ce wa Kyaftin gaskiyarsa ce. Daga baya har ya zama in wani ne ya yi lodin, daga kallon tashi kawai ina iya faɗin nauyin da ke ciki, ban cika kuskure da yawa ba.

Masu kawo kaya kuwa, kowa da halinsa. Akwai wata Madam mai shago a kasuwar Terminus da ke aika 'yan tsaki kwana ɗaya da ƙyanƙyasa zuwa garuruwan gabas. Ba su da nauyi, amma sun fi buhun siminti wahala. In ka danne kwalinsu sun shaƙe, in ka bar su a rana minti goma sun fara haki, in ka sa su kusa da ƙofa sanyin sama ya kashe su. Sai dai a sa su ƙarshe, a sama, a bar rata tsakanin kwalaye, matuƙi ya tayar da inji nan take. Akwai masu letas da kabeji da karas na manyan otal-otal, su kullum sauri suke. Akwai masu haƙar kuza da ke aiko da ƙarafan inji, abu kamar ƙwaryar fura amma mutum biyu ba sa ɗaga shi.

Wani Arɗo ya taɓa zuwa da ɗan maraƙi, irin na turawa, yana so a kai wa ɗan'uwansa a kan tsaunukan gabas ya gyara iri. Oga ya ƙi da farko. Ya ce, "Kaya mai ƙafa ba kaya ba ne. Buhu in ka ajiye shi yana nan. Wannan zai tashi ya tafi wutsiya." Arɗo ya yi kwana uku yana zuwa, kullum da ƙwaryar nono, ba ya roƙo, zama kawai yake yi. A ƙarshe aka kira likitan dabbobi ya yi wa maraƙin allurar barci, muka naɗe shi a tamfal, muka ɗaure ƙafafu, muka lulluɓe shi da raga daidai ƙarƙashin fiffike. Maraƙin ya farka kafin su isa. Bai iya motsi ba, amma ya yi abin da tsoro ke sa dabba ta yi. Kyaftin ya dawo da taga a buɗe, kwana biyu muna wanke jirgi. Arɗo kuwa har na bar aikin bai daina aiko mana da man shanu ba.

Wani ɗan kasuwa kuma ya kawo buhuna shida ya ce duk kabeji ne, har ya rubuta nauyi a jiki don ya rage mana aiki. Na ɗaga na huɗu na ji kafaɗata ta amsa. Na zazzage, sai ga haƙoran injin niƙa a tsakiya. Da na ɗora shi inda ake ɗora kabeji, a baya, da ban san yadda ranar za ta ƙare ba. Mutumin bai ga laifinsa ba ko kaɗan, cewa ya yi a mota haka ake yi. Tun daga ranar ban sake yarda da rubutun jikin kaya ba, ko da na asibiti ne.

Shekara ta uku ita ce mummunar shekararmu. Jirgi ɗaya ya buƙaci wani ƙarfe na cikin inji, aka yi odarsa daga waje, ya maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas. Wata tara jirgin yana tsaye, har tsuntsaye suka yi sheƙa a hancinsa, muna cirewa suna sakewa. Man jirgi, wanda ba irin na mota ba ne, ya yi wuya, sai a yi mako uku ba a ga ganga ɗaya ba. Masu kayan lambu suka koma mota. Baturen ya tattara ya tafi ƙasarsu. Mu tara ne a ƙasa, aka sallami shida. Ana cikin haka Oga Okafor ya faɗi da babur a hanyar Bukuru ya karye a cinya. Da na je duba shi ya zaro allinsa daga aljihun rigar da ke rataye ya miƙo mini, ya ce, "Sikeli yana hannunka. Kada ka bari a ce Okafor ya koyar da banza."

A tsakiyar daminar shekarar, wata Laraba da hantsi, motar asibiti ta shigo filin. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito, siririya, wajen shekara arba'in, ana ce da ita Sista Rahila. Ta ce an kira su ta oba-oba, wato rediyon aika saƙo, daga wani ƙaramin asibitin daji a hayin Binuwai. Amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan wajen, ruwa ya cinye gadar da ake bi, kuma ma'aikaci ɗaya ne a asibitin, wani disfensa mai ba da magani. Ta zo da akwatunan katako ashirin na ruwan da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya. Ba irin na yanzu ba ne na leda. Kwalabe ne na gilashi, goma sha biyu a kowane akwati, an cusa musu ciyawa.

Kyaftin Pam ya san filin saukar wurin. Ya zauna a ofis da littafin jirgi da fensir wajen rabin awa, ya fito ya ce mini, "Laba ɗari takwas da hamsin, har da Sista da jakarta. Gobe da sassafe. Ba tashin ne matsala ba, saukar ce. Filin gajere ne, ciyawa ce, kuma a jiƙe take, birki ba ya kamawa. A ƙarshensa akwai kwazazzabo."

Na auna akwati ɗaya, laba hamsin da biyar, ya ɗara abin da aka rubuta a jiki, don ruwa ya taɓa katakon a hanya. Sannan na ce wa Sista ta yi haƙuri ta hau sikeli. Ta hau, ta dubi allurar, ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ni akwati nawa ce?"

Na ce, "Ke da jakarki, kusan uku."

Ta ce da za ta zauna a tafi da ukun a madadinta, amma disfensan ba ya iya samun jijiyar yaro in jiki ya bushe, ruwan zai isa ne a rasa mai sa shi. Sai ta buɗe jakarta a kan benci, ta fitar da kayan sawarta da takalmi da littafin addu'arta, ta bar allurai da robobin ƙarin ruwa da zani ɗaya. Na sake aunawa. Duk da haka akwati goma sha uku ne za su shiga.

Na tsaya ina kallon akwatunan. Marasa lafiya ba katako suke jira ba. Na ɗauko guduma na fasa ɗaya, na auna katakon da jiƙaƙƙiyar ciyawar su kaɗai, laba goma sha biyu. Na hau keken ɗaya daga cikin ma'aikata na nufi Farin Gada, wajen tsofaffin abokan aikina. Na ce ina son kwandunan tumatir sababbi, marasa nauyi, da busasshiyar ciyawa wadda ruwa bai taɓa ba. Da suka ji dalili, sarkin lodi da kansa ya sa aka ɗora su a wata a-kori-kura aka biyo ni. Muka zauna a rumfar jirgi mu huɗu har da Sista, muna naɗe kowace kwalba da ciyawa muna jerawa a tsaye, yadda ba za su gogi juna ba. Na kwance duk kujerun baya, na cire shimfiɗar daɓe, na cire har murfin wurin ajiyar jaka. Kyaftin ya rage man da zai ɗauka zuwa iyakar abin da zai kai shi ya dawo da shi da ɗan rara. Kafin magariba na gama jeri, masu nauyi ƙarƙashin fiffike, raga biyu a sama, kowane kwando da igiyarsa. Kwalaben akwati goma sha bakwai suka shiga. Lissafina ya tsaya a ɗari takwas da arba'in da shida. Uku suka rage a ƙasa.

Washegari bayan na yi asuba na iso, gari ya fara haske, sanyi har cikin ƙashi, irin iskar da jirgi yake so. Na tarar Sista ta riga ni, tana tsaye a kan akwatuna ukun.

Ta ce, "Malam Isyaku, akwai wuri. Na leƙa, ga fili nan a bayan kujerata."

Na ce, "Wuri akwai, Sista. Nauyi ne babu."

Ta juya wajen Kyaftin ta yi masa magana da Turanci, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Na ga ya dubi sama, ya dubi jirgin, ya shafa ƙeya. Ya ce mini, "Isyaku, yau da sanyi. Ko biyu fa?"

Akwai abin da Oga ya sha gaya mana. Lambar da matuƙi ya ba ka yana zaune da fensir ita ce lambarsa. Wadda zai ba ka ana roƙonsa, ba tasa ba ce. Na ce, "Kyaftin, sanyin Jos ne, ba na can ba. Jiya ka ce saukar ce matsala. Ciyawar ta bushe cikin dare ne?"

Ya sake duban jirgin.

Sista ta ce, "Kwalba talatin da shida ce. Ka san mutum nawa ne wannan?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ni na sani."

Na ce in Kyaftin ya koma ofis ya sake lissafi ya ba ni wata lamba a rubuce, zan loda. In ba haka ba, ga alli ga sikeli, wani ya loda. Kyaftin ya ce a rufe ƙofa. Ya gaya wa Sista akwai man sawu na biyu, da la'asar ko gobe zai kawo sauran. Ta shiga ba ta kalle ni ba. Jirgin ya bar ƙasa a ganga ta bakwai, lafiya lau.

Kyaftin ya dawo kafin azahar, tayoyi da cikin jirgi duk laka. Na tambaye shi yadda saukar ta kasance, ya ce sun sauka. Muna shirin sawu na biyu hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da aka fara ran nan kwana biyar ana yi, in ya tsagaita a Jos, sai disfensa ya ce ta oba-oba filinsu ya zama fadama. Kullum ina zuwa in zauna kusa da akwatuna ukun. A rana ta huɗu aka ce kwalaben sun ƙare. Sai a ta shida jirgi ya samu sauka, da ukun da wasu da aka ƙaro.

Sista Rahila ta yi wata ɗaya da rabi a can. Ranar da ta dawo ni na buɗe mata ƙofa. Ta rame ƙwarai. Na yi mata sannu da zuwa, ta amsa. Ta ce mutane da yawa sun tashi, har waɗanda aka kawo a kan gadon kara ba sa motsi. Ta ce tsakanin ƙarewar kwalabe da zuwan jirgi an rasa mutum bakwai, huɗu yara. Ba ta ce laifina ba ne, ba ta kuma ce ba laifina ba ne. Ta karɓi kayanta da na adana mata a ofis ta tafi.

Daga nan tambaya ɗaya ta hana ni sakat: da na sa ukun, jirgin zai tsaya ko ba zai tsaya ba? Na je wajen Oga, yana koyon tafiya da sanda a tsakar gidansa. Ya ce, "Wannan tambaya, jirgi ne kawai ya san amsa, kuma in ka tambaye shi sau ɗaya yake amsawa." Na sa Kyaftin ya buɗe mini littafin, ya nuna mini layukan da ake bi a gano tsawon filin da jirgi ke buƙata. Littafin ya san busasshiyar ciyawa, ya san kwalta, amma bai san lakar hayin Binuwai ba. Na dame shi da tambaya har ya gaji. Da ruwa ya ɗauke, sama ta yi garau, aka samu ɗan kaya marar nauyi za a kai asibitin, sai ya ce, "Hau sikeli ka rubuta kanka. Ka je ka gani da idonka."

Shekara uku ina cika cikin jirgi, ran nan na fara shiga ya tashi da ni. Na so in ƙirga ganguna daga ciki, suka wuce kafin in kai uku. Na ga Jos kamar an zubar da tsakuwa a faranti, na ga kududdufan kuza wasu kore wasu shuɗi, na ga garken shanu kamar an watsa shinkafa. Da muka bar kan dutse ƙasa ta faɗa can ƙasa lokaci ɗaya, har na riƙe kujera. Duk inda iska ta girgiza mu sai in waiga in dubi ragata, ban ga ta motsa ba.

Filin da muka sauka ko rabin namu bai kai ba. Kyaftin ya kashe inji ya ce in biyo shi. Muka taka har ƙarshe. Lakar damina ta bushe ta yi tauri kamar bulo, kuma ga sawun tayoyi uku nan a cikinta, zurfinsu ya kai tafin hannu. Ba su tafi a miƙe ba, sun karkace gefe, alamar jirgin zamewa ya yi ba gudu ba. Ya ce sawun saukar farko ne, ranar da ya kawo Sista, don a sawu na biyu tun tsakiyar fili ya tsaya. Na tsaya inda suka ƙare na fara takawa zuwa bakin kwazazzabon. Taku goma sha ɗaya. Na leƙa, zurfinsa ya fi tsayin gidan sama, duwatsu a ƙasa.

Na ce, "Kyaftin, akwati uku taku nawa za su ci?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Wataƙila takwas. Wataƙila goma sha biyar."

Disfensan ya iso ya gaishe mu, wani dattijo mai ɗingishi. Da Kyaftin ya ce masa ni ne mai lodin, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya ce kwandunan tumatir ɗin suna nan, mata na shanya kuɓewa a ciki, kuma ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Ya ja mu zuwa asibiti mu sha ruwa. Hanyar ta bi ta gefen maƙabarta, ya nuna da haɓa ya ce waɗancan na ƙarshen layi su ne na kwana biyun nan. Ƙananan sun fi yawa. Na tsaya na yi musu addu'a irin tawa, shi da Kyaftin suka cire hula.

Kafin mu tashi na ce su ba ni minti biyu. Na koma ƙarshen fili na sake takawa. Wannan karon goma sha biyu na samu. Ban yi na uku ba.

Bayan shekara guda kamfanin ya sayar da jiragen ya rufe. Na koma Farin Gada, daga baya na buɗe shagon buhu da igiya wanda kuka tashi kuka gan ni a ciki. Oga Okafor ya rasu a garin nan, na je jana'izarsa. Sista Rahila mun haɗu sau ɗaya a Terminus bayan shekaru, ta gane ni, muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi aiki, kowa ya kama hanyarsa. Mutane da dama da na ba labarin nan sun tambaye ni ko na yi daidai. Wasu sun ce na ceci Kyaftin da Sista da duk wanda kwalaben nan suka tayar. Wasu sun ce tsoro ne kawai. Ni abin da na auna shi nake iya faɗa. Taku goma sha ɗaya ne, ko goma sha biyu.